Da Gammo Na Je Bama

Na yage shafi guda daga littafin makarantar ɗana, a gaban malaminsa da 'yan ajinsu, na fita da shi a hannu. A Fagge aka yi, shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano. Ban ba kowa haƙuri ba a lokacin, yanzu ma ba haƙuri na zo bayarwa ba. Ni ban yi boko ba. Jikata ce take rubuta wannan, na kuma ce mata kada ta gyara min magana.

Dako nake yi a tashar jirgin ƙasa tun ina saurayi. Da yaƙin duniya na biyu ya yi zafi aka zo tasha neman ƙarti. Aka latsa mana wuya, aka duba mana ƙafa, aka ce mun zama soja. An ba mu kaki, an ba mu lamba, an ba mu adda. Bindiga ba a ba mu ba. Aikinmu a dajin ƙasar Bama, can inda aka kai mu yaƙi da Japan, shi ne mu ɗauki abin da mota ba ta iya kaiwa: akwatin harsashi, buhun shinkafa, gadon Bature, da wanda aka harba. Da gammo na tafi, da gammo na dawo, na koma tashar da aka ɗauke ni.

Mutanen unguwa ba sa rarrabewa. Duk wanda ya dawo ɗan Bama ne, ɗan Bama kuwa a wurinsu kansa ba daidai yake ba. In na biyo layi da yamma yara sukan bi bayana suna buga ƙafa.

"Bama! Bama! Lef-rai, lef-rai!"

Ba na juyawa. Iyayensu suna zaune a dakali suna ji, ba mai tsawatarwa.

An haifi ɗana ina cikin jirgin ruwa. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa masa. Saboda haka ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa ba, ba na zama inda yake zaune. Uwarsa ma haka. Inna, mahaifiyata, ita ta goye shi, a ɗakinta yake kwana, ita ce take ce masa Maigida tana tsokanarsa wai ya fita bai bar mata cefane ba. In ina da magana da shi, Inna nake faɗa wa yana tsaye yana ji. "Inna, a gaya wa yaron nan ya daina hawa katangar mutane." In shi ke da magana, ta nan take biyowa. Haka ubana ya yi da ni, haka na yi. Ba ƙiyayya ba ce. In na sauke kaya a kasuwar Sabon Gari da rana, nakan zaga ta bayan makarantarsu, alhali ba hanyata ba ce, in tsaya jikin katanga in ji suna karatu, ina ware muryarsa a ciki.

Yakan dawo da leɓe a fashe. Inna ce ta gaya min dalili: duk wanda ya ce ubansa mahaukaci ne sai ya dake shi, ko ya fi shi girma.

A shekarar nan aka kawo musu sabon malami, shi kuma ya zo da littafi mai hotuna, na sojan da suka je Bama. Ranar da suka fara gani, yaron ya shigo gida da gudu. Ina tsugune a tsakar gida ina wanke ƙafa. Ya tsaya a ƙofar Inna ya ɗaga murya fiye da yadda ya saba.

"Inna, akwai wani a ciki, dogo, baƙi, da bindiga mai wuƙa a baki. Japan suna gudu. Malam ya ce irin su Baba ne. Ya ce daga yau duk wanda ya sake yi wa tsohon soja waƙa, bulala."

"To, Maigida, ka ji daɗi," in ji Inna. "Sai a daina fasa min baki a hanya."

Inna ba ta san aikin da na yi a can ba. Ba wanda ya sani a gidan, don ba wanda na gaya wa. Na ci gaba da wanke ƙafata.

Daga ranar ya sake. In na tashi alwala sai in tarar da butata a cike, ba wanda ya sa shi. In zai gaishe ni yakan daɗe a durƙushe. Tafiyarsa ma ta canja, ya riƙa ɗaga ƙirji. Na ji daɗin abin. Ban ce haka ne ba, ban ce ba haka ba ne.

Malamin ya same ni a tasha ina jiran jirgin kaya. Yaro ne ƙarami, da farin wando da keke, ya maƙale bakin wandon da ƙarfe. Ya rusuna ya gaishe ni, 'yan uwana 'yan dako suka zuba mana ido.

"Baba, alfarma na zo nema. Ranar da Turawa suke maƙala jan furen takarda don tunawa da soja ta kusa. Ina so yaran nan su ga soja da idonsu, ba a littafi kaɗai ba. Ka sa kakinka ka zo, su gaishe ka."

"Ni aikina kaya."

"Ba za mu tsare ka ba. Yaran nan raini ya yi musu yawa, Baba. Ba su san abin da kuka yi ba."

"Kai ka sani?"

Ya yi murmushi. "Na karanta."

Na juya zan tafi, sai ya ce, "Ɗanka ne ya roƙa a kira ka. A gaban aji ya faɗa."

Na ce zan zo.

Kakina yana nan a ƙasan adudun Inna, amma hular ta daɗe da ɓata. Na je wurin Saje, wanda yake gadin wani kanti a Sabon Gari. Shi ya riƙe bindiga da gaske, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba. Na same shi a kan benci yana ɓare gyaɗa.

"Kai za a kira? Ɗan gammo? Ina nan da raina?"

"Kai an kira ka bara, ka je musu da warin burukutu, ka ce wa hedimasta ƙaramin kofur."

"To ba shi ba ne?" Ya watsa gyaɗa a baki. "Me za ka ce musu?"

"Ban sani ba."

"Ni na sani. Ka ce goma ka kashe. In sun buɗe baki ka ce ashirin. Wa zai je Bama ya ƙirga? Yara ba gaskiya suke so ba, so suke a ce tau, wani ya faɗi. Ka tsaya kana ce musu shinkafa ka ɗauka, wallahi gobe da dutse za su bi ka."

Ya ba ni hular, ya ce in na ɓata masa ita da gumin dako zai karya ni. Ya sa ni na ƙame masa, ya ce ƙamewata kamar ta mai jin fitsari.

Ranar da safe na tafi. An share filin makarantar, an jera yaran a ajinsu, akwai 'yan Fagge, akwai 'ya'yan Yarabawan unguwa da suke da rumfuna a kasuwa. Ina shiga suka miƙe gaba ɗaya suka sara min. Na gane fuskoki. Waɗanda suke bin bayana ne. Yarona yana layin gaba. Ban dube shi ba, amma na san yana nan.

Malam ya ba ni kujera, ya maƙala min jan furen a ƙirji, ya ɗauko littafin. Babba ne, mai launi, rubutun da Turanci, yana karantawa yana fassarawa. Ga jirgin ruwa, soja suna ɗaga hannu suna dariya. Mu amai muka yi har muka isa. Ga Bature a kan tudu yana nuni da sanda. Ga dogon nan mai bindiga, kakinsa ko laka babu, takalminsa yana ƙyalli. Yara suka dube shi, suka dube ni. Da a nan ya tsaya da an rabu lafiya.

Sai ya buɗe shafin kogi. Bature a gaba ya riga ya haye, masu bindiga suna biye da shi. Can a gefen takarda, wajen da ɗan yatsan Malam ya rufe rabi, ga wasu ƙananan baƙaƙen mutane cikin ruwa har ƙirji, da akwatuna a ka. Ba a yi musu ido ba, ba a yi musu hanci ba. Farin layi kawai aka ja wa kowanne a wurin baki, wai dariya suke.

Na san kogin nan, ko ba shi ba ne irinsa ne. Da damina muka shige shi, matsattsaku sun cika mana ƙafa. A gabana akwai wani ɗan unguwar Kwaciri, tare muke dako a tasha, tare aka ɗauke mu. An ce mana duk wanda ya saki akwatin harsashi a ruwa zai gane kurensa. Shi gajere ne, ya ji tsoro, ya ɗaure akwatin a jikinsa da igiya. A tsakiya ƙafarsa ta zame. Ina ganinsa, hannuwana biyu suna riƙe da nawa akwatin. Washegari aka sami gawarsa can ƙasan kogin, ya maƙale a saiwar itace. Akwatin aka fara kwancewa aka duba ko ruwa ya shiga.

Malam bai tsaya a shafin ba. Ya wuce zuwa na ƙarshe: soja ya dawo gida, ya ɗaga ɗansa sama, matarsa tana tafi. Ya rufe littafin a kan yatsansa, ya kira sunan yarona. Sunan ubana, gatsau, a gabana.

"Taso ka tsaya kusa da babanka."

Yaron ya taso a hankali ya tsaya nesa kaɗan, kansa a ƙasa. Malam ya jawo shi har kafaɗarsa ta taɓa tawa. Ya kama hannuna ya ɗora a kansa.

"Baba, kira sunansa, ka sa masa albarka, kamar yadda yake a hoton nan."

Na janye hannuna. "Ɗan fari ne."

"Na sani, Baba. Ni ma ɗan garin nan ne. Amma zamani ya canja, kunyar nan ta da ce. Yau ranar girmamawa ce." Ya juya ga yaron. "To kai tambaye shi. Tambayar da ka ce kana so ka yi. Kada ka ji tsoro."

Yaron ya ɗago ya dube ni ido cikin ido. Bai taɓa ba tun da aka haife shi.

"Baba, Japan nawa ka kashe?"

Maganar Saje tana kunnena. Goma. Kalma ɗaya ce, da na faɗe ta da ya koma wurin zamansa da ƙirji a sama, butata ta ci gaba da cika. Amma wannan ce tambayar farko da ya taɓa yi min baki da baki, kuma ɗan Kwacirin nan yana ƙarƙashin yatsan Malam. Ban iya ba. Amsa masa kai tsaye ma ban iya ba, bakina bai saba ba. Na juya ga Malam.

"Malam, gaya masa ban kashe kowa ba. Ba a ba ni bindiga ba."

Na karɓi littafin, na koma shafin kogi, na ɗora yatsa a kan na cikin ruwa.

"Ga mu nan."

Wani yaro daga baya ya ce, "Kai! Ashe can ma dako ya je!" Ajin ya fashe. Har da masu buga tebur. Wani ya ɗora allonsa a ka yana tangaɗi. Yarona yana tsaye kusa da ni kamar an dasa shi.

Malam ya buga bulala a tebur, ya rasa yadda zai yi, sai ya yi abin da ya fi komai muni. Ya yi 'yar dariya.

"Shiru! Baba wasa yake muku. Jarumai ba sa yabon kansu. Waɗannan na cikin ruwa ai leburori ne kawai, ba soja ba ne. Baba yana cikin waɗancan na gaba."

Taimakona yake so ya yi, na sani. Har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗau zafi.

Na cire hular Saje, na sunkuyar da kai suka ga tsakiyarsa, inda gashi ya daina fitowa tun a can, fata ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi.

"Harsashin da wancan mai tsabtar yake harbawa, a nan ya zo. Abincin da ya ci, a nan ya zo. Da aka harbe shi, mu muka ɗauko shi. Ba wanda ya yi dariya a ruwan nan."

Na kama shafin na ja. Takarda ce mai kauri, ta yi ƙara. Dariyar ta ɗauke. Malam ya ce, "Baba! Littafin gwamnati ne!" Na cire furen na ajiye masa a tebur, na fita.

A bakin hanya akwai mai ƙosai. Na miƙa mata takardar ta ƙunsa min a ciki. Na ci a tsaye, na jefar da ita a kwata. Na kai wa Saje hularsa. Ya dubi fuskata ya ce, "Ka faɗa musu shinkafar ko? Jaki." Ya matsa min a benci. Muka zauna har aka kira azahar.

Labari ya riga ni zuwa gida. Inna tana bakin murhu, ba ta amsa sallamata ba.

"Da ka yi shiru mana. Wa ya matsa maka?"

"Tambayata aka yi."

"Yaro ya yi shekara da shekaru ana fasa masa baki saboda kai. Ya samu abin riƙewa, ka fizge a gaban abokansa. Gaskiyarka ta ƙoshar da kai?"

"Inna, a gaya wa yaron nan abin da na faɗa haka yake."

"Ba zan gaya masa ba. Ai ka iya magana a gaban jama'a, je ka faɗa masa da kanka."

Yana cikin ɗakinta, labule ne kawai tsakaninmu. Na tsaya ina kallon labulen. Sannan na ɗauki butata, ba ruwa a ciki, na je randa na cika.

Malam ya zo bayan kwana biyu, ya tsaya a zaure da kekensa. Ya ce in ba shi shafin ya liƙa, kada mai duba makarantu ya zo ya gani. Na ce mai ƙosai ta yi amfani da shi. Ya ce shi alheri ya nufa. Na ce ya nufi ubansa da alherin. Bai sake zuwa ba. Na ji ya ci gaba da koyar da littafin a haka, daga Bature a kan tudu sai uba yana ɗaga ɗansa. Kogin ya fita, mu ma mun fita. Ina jin hakan ya fi musu daɗi.

Waƙar yara ta canja. Suka bar lef-rai, suka koma "Sojan gammo, sauke mu gani!" Yarona bai sake dawowa da leɓe a fashe ba. Ya daina faɗa a kaina.

Wata rana na ɗauko wa wani Alhaji Bayarabe dilar atamfa daga tasha zuwa rumfarsa. A bakin kasuwar Sabon Gari na yi kiciɓis da su, yarona da abokansa, sun taso daga makaranta. Hanya ta matse, ga amalanke, ga masu keke. Wani a cikinsu ya zungure shi ya ce, "Ga janar ɗinku nan." Mai kaya a ka ba ya iya juya wuya, gaba kawai yake kallo, don haka na gan shi sosai. Ya dubi ƙasa, ya tsallaka ɗaya gefen, ya tsaya yana duba kwanukan da ba saya zai yi ba har na wuce. A al'ada daidai ya yi, ɗan fari yana kauce wa ubansa. Amma na san kaucewar kunya, na yi ta ga nawa uban. Wannan ba ita ba ce.

Daga ranar na daina zagawa ta bayan makarantar.

Yarona ya yi karatu, ya ci jarrabawa, ya samu aikin ofis a Kaduna. Bai taɓa yi min rashin kunya ba, bai taɓa barina da yunwa ba. Bayan Inna ta rasu sai ya zama ba mai kai magana tsakaninmu, maganar ta tsaya a gaisuwa.

Da sallar da ta wuce ya aiko 'ya'yansa su gaishe ni. Ƙaramin ya shigo ya ƙame, ya sara min.

"Kaka, Baba ya ce kai jarumi ne, ka kashe Japan da yawa. Ya saya mana littafi, akwai hotonka da bindiga."

Na ce, "Je ka ce wa ubanka ƙarya yake. Kaya na ɗauka."

Yaron ya yi kuka, uwarsa ta janye shi, aka ce tsufa ne ya taɓa min kai. Ɗan Bama dai. Shi ya sa na sa aka sayo takarda, na zaunar da 'yar 'yata na ce ta rubuta. In ta gama a kai masa. Ya karanta wa 'ya'yansa ko ya ba mai ƙosai, ruwansa.

Ina Kwaciri yanzu, a shagon zauren gidan 'yata, layi ɗaya da gidan su wanda ruwa ya ci. Jikokinsa suna wucewa ta ƙofata, ba su san ni ba. Wuyana ya daina juyawa, in za ka yi min magana sai ka zo ta gabana. Ɗana yana Kaduna.